Tsokaci a kan Tarihin Kimanta Tsohuwar Motar Ƙawa Mai Bukatar Gyara a Ƙasar Jahun da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta waiwayi yadda Hausawan ƙasar Jahun da Dutse da maƙwabtansu suka gaji hanyar yi wa abin hawa kuɗi, sannan ta nuna inda wannan hanya take gazawa idan aka kawo mata tsohuwar motar ƙawa wadda ta daɗe a ajiye, ta lalace, sai an gyara. Abin da nake nufi da motar ƙawa shi ne irin ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu da kujera biyu, mai kwanciya ƙasa-ƙasa, wadda aka ƙera domin gudu da nishaɗi, wani lokaci ma ana iya naɗe rufinta.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan batu shi ne wani rabon gado da na halarta a wani gari na ƙasar Jahun cikin shekarar 2021. A cikin dukiyar mamacin akwai wata mota ƙirar MGB da ke kwance a wata rumfa bayan gida, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kan kujerunta. Mai sayen gwangwan ya zo ya yi mata tayi na nauyin ƙarfe. Ɗaya daga cikin 'ya'yan mamacin kuwa ya buɗe wayarsa ya nuna wa 'yan'uwansa irin kuɗin da ake sayar da mota mai wannan suna a Ingila, ya rantse ba za a sallama ba. Tsakanin kuɗin nan biyu akwai tazarar da ta fi ninki ɗari, kuma a kan wannan tazara rabon ya tsaya wata da watanni, har zumunci ya fara taɓuwa. Ra'ayin da zan kare a nan shi ne, ba za a iya yi wa irin wannan mota kuɗi na adalci ba sai an fara tabbatar da tarihinta, wato mai kimantawa dole ya zama ɗan tarihi kafin ya zama ɗan kasuwa.

2.0 Gadon da Aka Samu daga Cinikin Doki

Kafin zuwan mota, doki shi ne abin hawan da ake zuba wa dukiya a ƙasar Hausa, kuma dillalan dawaki suna da ƙa'idojinsu sanannu. Dillali yakan buɗe bakin doki ya dubi haƙora domin ya san shekarunsa. Yakan dubi kofato da gwiwa da gadon baya, ya sa a yi sukuwa ya saurari numfashi. Yakan tambayi asali, ko na Barno ne ko na Azbin, ya kuma lura da launi, ko akawal ne ko kili ko danda ko bidi, domin kowane launi da masu sonsa. Bayan haka sai a shiga tayi, mai doki yana cewa albarka, har a kai inda zai sallama, dillali ya karɓi la'adarsa.

Abin lura a cikin wannan tsari shi ne, kullum shekaru ragi suke yi wa doki. Yakan kai ganiyarsa, sannan kuɗinsa ya riƙa sauka har ya zama ba mai taya shi. Da mota ta shigo, sai dillalai suka ɗora ta a kan wannan ma'auni ba tare da sun sake komai ba. Sauraron ƙarar inji ya maye gurbin sauraron numfashi, duba hayaƙin salansa ya maye gurbin duba haƙora, kalmomin tayi da albarka da sallamawa da la'ada kuwa suna nan yadda suke. Saboda haka a idon dillalinmu tsohuwar mota tsohon doki ce.

To amma Bahaushe ya san wani ma'aunin na dabam, sai dai bai kai shi kasuwa ba. Takobin nan Gajere na masarautar Katsina, da tagwayen masu na Sarkin Kano, da littattafan da malamai suka gada kaka da kakanni, duk tsufansu ƙara musu girma yake yi, domin ana auna su da hannuwan da suka riƙe su. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Sai dai irin waɗannan kaya ba a yi musu kuɗi, don haka ba a samu dillalan da suka ƙware a kimanta su ba. Wannan giɓi shi ne tsohuwar motar ƙawa take faɗawa a ciki.

3.0 Shigowar Mota da Zamunanta

3.1 Zamanin gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Reshen dogo da ya nufi Nguru, wanda ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, an kammala shi a 1930. Jahun ba ta kan dogo, saboda haka amfanin gonarta sai an yi jigilarsa zuwa tasha ko zuwa Kano, da farko a kan jakai da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci. Wato motar da talakan wannan yanki ya fara sabawa da ita ta ɗaukar kaya ce. Ƙananan motoci na Turawan mulki ne da sarakuna da hakimai da 'yan tsirarun attajirai. Har yanzu fadar Kano tana riƙe da tsofaffin motoci ƙirar Rolls-Royce waɗanda akan fito da su a wasu bukukuwa, kuma sun tsira ne domin an ɗauke su a matsayin kayan sarauta.

Yanayin ƙasa ma ya yi nasa hukunci. Jigayin rairayi da suka ba jiharmu sunanta, da fadamun da ruwa ke malalewa da damina, ba su da sauƙi ga motar da cikinta ke kusa da ƙasa. Shi ya sa Land Rover da Peugeot suka yi kasuwa, motar ƙawa kuwa ta tsaya a kan kwaltar Kano da Kaduna, a hannun Turawan kamfanoni da malaman makaranta baƙi. In ɗayansu zai koma gida, yakan sayar da ita ga wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa. Ta wannan hanya ce motar da na ambata a gabatarwa ta iso ƙasar Jahun, kamar yadda dattawan gidan suka shaida mini.

3.2 Sauyin hannu da zamanin mai

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu na titi ta koma dama. Wannan rana tana da muhimmanci ga mai kimantawa, domin ta raba motocin ƙasar nan gida biyu. Motar da sitiyarinta ke dama, galibi kafin wannan rana ta shigo. Bayan sauyin, irin waɗannan motoci sun faɗi a kasuwa, wasu kanikawa suka mayar musu da sitiyari hagu, wasu kuma aka jingine su.

A 1973 naira ta maye gurbin fam. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji da rancen mota na ma'aikata suka sa sabuwar mota ta zama abin da malamin makaranta ke iya saye, a lokacin da naira ta fi dalar Amurka daraja. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ita ma ta Volkswagen a Legas ta fara a wannan shekara. A irin wannan yalwa ba wanda ke ɓata lokacinsa a kan gyaran tsohuwar motar Ingila wadda kayanta suka yi wuyar samu.

Ya kamata a sani cewa tseren motoci na duniya bai tsallake yankinmu ba. A 1974 an yi wani dogon tsere daga Landan zuwa Munich wanda ya keto Sahara ta Tamanrasset da Nijar har Kano kafin ya juya arewa, kuma motocin da suka kai ƙarshensa ba su cika ashirin ba. Wata Citroën DS ce ta zo ta ɗaya. Haka kuma Peugeot 504, wadda muka sani a matsayin motar haya da ta ma'aikata, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci a 1978. Wannan mai ƙofa biyun, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, ba a ƙera ta da yawa ba, kuma masu tara tsofaffin motoci suna nemanta. Ga shi sunan ɗaya ne, 504, amma kuɗin ba ɗaya ba ne.

3.3 Zamanin tsuke bakin aljihu

Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Sai kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, da waɗanda Turawa 'yan yawon duniya ke tuƙowa ta hamada su sayar a Arlit da Agadas. A wannan zamani ne kanikawanmu suka ƙware wajen ciro injin wata mota su dasa a wata, kuma kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama makomar duk motar da ta tsaya. Ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ya kawo ma'aikata da sababbin tituna da garejoji zuwa Dutse, daga baya kuma sana'ar gwangwan da jari-bola ta kutsa kowane ƙauye. Motocin da suka yi shekaru a bayan gidaje ba wanda ya kula da su, sai ga masu ma'auni suna bi gida-gida suna tayawa. Da yawa daga cikin shaidun tarihin sufurinmu a tukunyar narkar da ƙarfe suka ƙare.

4.0 Yadda Duniya Take Kimanta Irin Wannan Mota

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da kafa kasuwa ta musamman domin tsofaffin motoci, da gidajen gwanjo da ƙungiyoyi da littattafan farashi. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta sa shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun motar tarihi. Sai dai shekaru sharaɗin shiga ne kawai. Misalai kaɗan za su nuna abin da ke ɗaga kuɗi.

A watan Mayu na 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135. Guda biyu tak aka ƙera irinta. A 2018 an sayar da Ferrari 250 GTO ta 1962 a kan dala miliyan 48.4, kuma irinta 36 aka yi. Waɗannan lafiyayyu ne. Ga kuma waɗanda suka lalace. A 2015 aka yi gwanjon motoci wajen sittin da aka samu sun yi tsatsa a rumfunan gidan wani attajiri marigayi, Roger Baillon, a yammacin Faransa, inda wata Ferrari ta 1961 da aka tarar an jibge tsofaffin mujallu a kanta ta kai sama da Yuro miliyan 16. A 2009 an tsamo wata Bugatti ta 1925 daga tafkin Maggiore, tsakanin Italiya da Suwizalan, bayan ta shekara fiye da saba'in a cikin ruwa, rabin jikinta ya ruɓe, amma a 2010 aka saye ta a kan kusan Yuro 260,000, wanda ya saya kuma bai gyara ta ba, ya ajiye ta haka domin masu kallo. A 2023 an sayar da ƙonannen gangar jikin wata Ferrari 500 Mondial ta 1954 a kan kusan dala miliyan 1.9, alhali abin da ya saura na kirki a jikinta bai wuce lambarta da tarihin tseren da ta yi ba.

Irin waɗannan labarai ne matasanmu ke gani a waya su ɗauka kowace tsohuwar mota taska ce, su yi ta yi wa rogo kallon kitse. Abin da ya haɗa misalan nan shi ne ƙarancin irin motar, da tabbacin cewa ita ɗin ce, da sanin hannuwan da ta bi. Idan muka juyo ga MGB sai mu ga akasin haka. An ƙera ta a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma adadin da aka yi ya haura rabin miliyan. Tana da masoya, kayan gyaranta suna samuwa, har sabuwar gangar jikinta ana ƙerawa tun 1988, amma saboda yawanta, sanannen abu ne a wurin masu wannan harka cewa kuɗin gyara ruɓaɓɓiyarta yakan zarce kuɗin da za a sayar da ita bayan gyaran.

5.0 Daraja Uku da Matakan Kimantawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsohuwar mota tana da daraja iri uku. Akwai kuɗin ƙarfe, wanda ma'auni ke yankewa, kuma shi ne mafi ƙasƙanci. Akwai kuɗin aiki, wato abin da za ta kawo in an tayar da ita ta hau titi, ko in an wargaza ta an sayar da sassanta. Sannan akwai kuɗin tarihi, wanda mai sha'awa ke biya saboda abin da motar take da kuma inda ta fito. Dillalanmu sun ƙware a biyun farko. Na ukun yana bukatar matakai kamar haka.

Mataki na farko shi ne tabbatar da ko wace mota ce. Kowace mota tana da lambar gangar jiki da lambar inji, a buge a ƙarfe ko a kan wani ɗan faranti. Da waɗannan lambobi ake gane shekarar ƙira da samfuri. Gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila yana riƙe da rajistar masana'antun MG da Austin da Triumph da wasunsu, kuma yana ba da takardar shaida mai nuna ranar da aka ƙera mota da launinta na asali da inda aka aika da ita. Bambanci ƙarami yana sauya kuɗi. Alal misali MGB mai bamba ta ƙarfe mai ƙyalli ta fi wadda aka sa wa baƙar bamba ta roba daga 1974 daraja.

Mataki na biyu shi ne duba abin da ya saura na asali. Motar da injinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta ta fi wadda aka yi wa dashe. A nan ne ƙwarewar kanikawanmu, wadda ta rayar da motoci a lokacin tsanani, take zama ragi, domin injin Japan a cikin motar Ingila yana ƙara mata kuɗin aiki yana rage mata kuɗin tarihi. Haka ma mayar da sitiyari da sauya fitilu da kujeru.

Mataki na uku shi ne auna ɓarna. Ƙasarmu tana da wata falala, domin bushewar iska ba ta cin ƙarfe kamar yadda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yake ci. To amma rana tana ƙona fenti da roba da fata, ɓeraye suna cin wayoyi, gara tana cin katako da takardu, kuma motar da ta kwana a ƙarƙashin rufi mai yoyo, ko wadda ambaliya ta taɓa, ruɓewa take yi daga ƙasa. Mota irin MGB ba ta da wani kwarangwal na dabam da jiki ke zaune a kai, jikin ne kansa yake ɗauke da nauyi, don haka in dokin ƙofa da daɓen ƙasa suka ruɓe, ƙashin bayanta ne ya karye. Wajibi ne a ɗaga mota a shiga ƙarƙashinta da fitila. Yin ciniki ba tare da haka ba cinikin biri ne a sama.

Mataki na huɗu shi ne takardu da shaidu: takardar saye, da ta kwastan, da tsohuwar lamba, da hotuna, da bayanin dattawan da suka san motar. Motar Mercedes da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Legas, irinta dubbai aka ƙera, amma ba mai hankalin da zai auna ta da sauran. Idan aka ce mota ta wani sarki ce ko wani shugaba, sai a nemi hujja, domin da'awar da ba shaida ba ta ƙara ko kwabo.

Mataki na biyar shi ne lissafi. Ana fara wa ne daga kuɗin da aka tabbatar an sayar da gyararriyar irinta, ba kuɗin da mai talla ya rubuta yana fata ba. A ƙaddara wannan kuɗi kashi 100 ne. A ƙaddara ƙwararren bakanike da mai gyaran jiki da mai fenti sun ce aikin zai ci kashi 55. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar mota ya san ɓarnar da ke ɓoye ta kan fi ta fili, saboda haka sai a ƙara sulusin wannan, wajen kashi 18. Idan mai sayen a ƙasar waje yake, akwai jigila zuwa tashar jirgin ruwa da kuɗin jirgi da haraji da la'adar gidan gwanjo, a ƙaddara kashi 15. Abin da ya rage kashi 12 ne, kuma a cikinsa ne mai saye zai nemi ribarsa. Idan lissafin ya faɗi ƙasa da sifiri, to sai a koma ga kuɗin sassanta. Bugu da ƙari, kayan gyara da kuɗin waje ake sayensu, don haka kowace faɗuwar naira, kamar wadda ta biyo bayan sakin farashinta a watan Yuni na 2023, tana ƙara wa gyara tsada a kan wanda zai sayar a gida.

Mataki na ƙarshe shi ne tambayar wa zai saya. Kuɗin da aka biya a Landan sakamakon gasar masu sha'awa ne da yawa a zaure ɗaya. A kasuwar Shuwarin ko Gujungu ko Maigatari ana samun masu gasa a kan sa da rago da buhun riɗi, amma ba a kan motar ƙawa ba. Masu sha'awarta a Nijeriya 'yan kaɗan ne, a manyan birane suke, kuma dokokin hanya ba su sakar wa mota mai sitiyari a dama mara ba. Kayan da ke da mai saye ɗaya tak, shi ne ke yanka musu kuɗi.

6.0 Matsayin Shari'a

Wannan batu ba baƙo ba ne ga malamanmu. Fiƙihu ya raba dukiya zuwa wadda take da tamka, kamar hatsi da ake aunawa, da wadda sai an yi mata ƙima, kamar dabba da gida, kuma tsohuwar mota tana cikin kashi na biyu. An hana cinikin garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin sayarwa ba. An wajabta bayyana aibi, an ba mai saye zaɓin mayarwa in an ɓoye masa. An hana ƙara tayi na yaudara domin a ruɗi wani. An kuma hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, kuma hikimar wannan hani ta shafi mai bin gidajen marayu yana sayen abin da ya san darajarsa su ba su sani ba. A babin rabo kuwa, malaman Malikiyya sun tsananta a kan mai yin ƙima fiye da mai rabo, har suka nemi masu ƙima su zama biyu. Sharaɗin mai ƙima shi ne adalci da sanin abin da yake kimantawa. Dillalin da ya san motar haya bai zama masanin motar ƙawa ba, kamar yadda dillalin jakai bai zama dillalin dawaki ba.

7.0 Komawa ga Motar Jahun

Da aka bi waɗannan matakai a kan motar da na fara da ita, ga abin da ya bayyana. Farantin lambarta yana nan, kuma ya nuna ta cikin shekarun 1960 ce, mai bamba ta ƙarfe, sitiyarinta a dama, abin da ya gaskata labarin dattawa cewa kafin sauyin hannu ta shigo. Wannan ƙari ne. Amma injinta na asali ba ya nan, an dasa mata na Datsun tun zamanin tsuke bakin aljihu, an sayar da nata. Gara ta cinye takardunta tare da akwatin da suke ciki. Daɓenta ta gefen direba ya ruɓe saboda yoyon rumfa. Abin da ya tsira lafiya shi ne gilasai da agogunan gaba da ƙafafun waya da kayan ƙyalli, waɗanda masu gyaran irinta ke nema.

Aka kira mutum biyu, wani tsohon bakanike daga Kano wanda ya yi aiki a kan motocin Ingila tun yana yaro, da wani dillali daga Dutse, kowannensu ya yi nasa lissafi ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba. Abin da suka tsayar ya ninka tayin mai gwangwan sau da yawa, amma bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka gani a waya ba. Saurayin nan da ya hana sayarwa ya karɓe ta a cikin rabonsa a kan wannan ƙima, sauran magada suka yarda, aka shafa fatiha. Da an bi mai gwangwan da an cuci marayu. Da kuma an ɗora wa saurayin ita a kan kuɗin waya, da shi aka cuta, domin da ya tashi da ƙarfe a madadin gona.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa hanyarmu ta kimanta mota gado ce daga cinikin doki, inda shekaru ke rage kuɗi, cewa zamunan da mota ta ratsa a ƙasar nan, daga na gyaɗa zuwa sauyin hannu na 1972 zuwa tsananin 1986, kowanne ya bar tabonsa a jikin motocin da suka saura, kuma cewa karanta waɗannan tabbai shi ne matakin farko na yi musu kuɗi.

Ina ba da shawara uku. Ta farko, alƙalai da malamai masu rabon gado su daina karɓar ƙimar mutum ɗaya a kan tsohuwar mota, musamman in shi ne kuma mai son saye. Ta biyu, sassan tarihi na kwalejojinmu da jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauki hotuna da lambobi da labaran tsofaffin motocin da suka rage a gidajen hakimai da attajirai da tsofaffin direbobi na ƙasar Dutse da Jahun da Birnin Kudu, tun dattawan da suka tuƙa su suna raye. Ta uku, masarautu da hukumar adana kayan tarihi su ware wuri domin 'yan kaɗan da suka cancanci ajiya, kamar yadda aka ware wa takubba da sulke. Mai gwangwan yana zagayawa kowace rana da ma'auninsa, kuma duk motar da ya riga mu kaiwa gare ta, ba za a sake samun damar tambayar ko wace ce ba.

Allah Ya sa mu dace.